Tifa na kwashe ganuwar kufan garinmu: wace doka ce ta kare ta?

Ɗan Kabi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, tun jiya take cina a rai. Na zo gida hutun makaranta, ƙauye ne a ƙasar Argungu, ba zan kama suna ba don kada a ce na tona asirin wani. Yamma da garinmu akwai kufai, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙafa. Can muka yi kiwon awaki muna yara. Ganuwa ce ta jar ƙasa ta zagaye wurin, a wasu sassan ta fi tsayin mutum, ga gwalalo a bayanta, ga manyan kukoki a ciki. Idan ruwa ya ɗauke ka ratsa ta ciki, tsingaro za ka yi ta takawa, har da kashin maƙera da duwatsun niƙa. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce daga nan kakanninmu suka taso suka kafa garin da muke ciki yanzu.

Jiya da la'asar na leƙa, sai na tarar an cinye ɓangaren gabas kusan gaba ɗaya. Tifa ke shiga tana ɗiba, ana kai wa masu cikon fili da masu bugun bulo. A jikin ramin na ga bakin wata randa a tsage, kusa da ita kuma ƙasusuwa, kuma ba na dabba ba ne. Na tsaya na kasa motsi. Masu ilmin doka da tarihi, don Allah ku gaya mini: akwai dokar da ta kare irin wannan wuri, ko sai dai mu zuba ido?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abin ga da kag gani ba yau anka fara shi ba. Ni da idona na ga ganuwar garuruwa da dama ta koma ɗakunan mutane. Da can da kwando da jaki aka ɗiba, shekara goma ba a ci taki ashirin ba. Yanzu inji da tifa, kwana ukku sun gama abin da kakanni sunka yi shekaru suna ginawa. Allah shi saka maka da alheri da kat tada maganar.

Lauyan Zaure:
Malam Ɗan Kabi, akwai doka, amma bari in warware ta dalla-dalla don kada mu ɗora mata nauyin da ba ta ɗauka ba. Dokar soja ce mai lamba 77 ta 1979, ita ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, kuma har yau tana cikin kundin dokokin tarayya. Kafin ita akwai ta Turawa ta 1953.

Dokar ta raba abu biyu. Akwai kayan tarihi, akwai kuma wurin da gwamnati ta ayyana a matsayin wurin tarihi na ƙasa. Kayan tarihi fassararsu na da faɗi: abin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ragowar mazaunin mutanen dā, har da ita kanta ƙasar da aka samu irin waɗannan kaya a cikinta ko ake zaton suna ciki. To kufanku ya shiga nan, babu ko tantama. Haramun ne mutum ya yi tono yana neman kayan tarihi ba da izinin hukuma ba. Haramun ne saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, haka ma fita da su waje. Wanda kuma ya ci karo da su ba da niyya ba, kwana 7 doka ta ba shi ya sanar da hukuma da sakataren ƙaramar hukuma.

Inda gizo ke saƙar shi ne, hukuncin rushe wuri ya tsaya ne a kan wurin da aka ayyana. Mai tifa ba kayan tarihi ya zo nema ba, ƙasa ya zo saye. Muddin ba a ayyana ganuwar ba, da wuya ka kama shi da laifin rushe ta. Abin da ke wuyansa shi ne randar nan da ya fasa ya yi shiru.

Ɗan Kabi:
Ranka ya daɗe, to in an ayyana wuri mutum ya rushe, mene ne hukuncinsa?

Lauyan Zaure:
Tarar naira 1,000 ko ninki biyu na darajar wurin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko duka. A 1979 naira dubu kuɗi ce mai tsoratarwa. Yau ko man da tifa za ta sha daga gari zuwa kufan ba ta saya ba.

Mai Tifa:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nike karantawa, na ga in na yi shiru na ci amanar sana'ata. Ni direban tifa ne, ko da yake ba ni na yi wanga aiki ba. Malam, mu ba mu shiga gonar kowa da ƙarfi. Mai wuri shi ka kiranmu, a yi ciniki, a biya shi kowane lodi. Kuma ku san dalilin da ya sa ake son ƙasar ganuwa: an riga an tara ta wuri guda, an kwaɓa ta, ta yi ɗaruruwan shekaru tana zaunawa, babu yashi babu saiwa. Inji na zuwa ɗiba kawai zai yi. Ni ban taɓa jin wani ya ce mani akwai doka a kai ba, babu allo, babu shinge, babu wanda ya taɓa zuwa tasharmu ya yi bayani. Amma maganar ƙasusuwa ta taɓa ni. Wallahi in na ga ƙashin mutum a lodina ba ni iya barci.

Manomin Fadama:
Ku yi mani haƙuri, ni zan tsaya ga mai gona. Ku malaman boko kuna da albashi. Mutumin da ambaliya ta cinye mashi shinkafa, ga ɗiya mata zai aurar, ga taki ya yi tsada, sai wani ya zo da kuɗi hannu ya ce sai mani tudun ga da ba ya tsiro da komi, mi kuke so ya ce? Gonar gado ce. Ubansa ya noma cikinta, kakansa ya noma. Tarihi ba ya shiga tukunya. In gwamnati na son wurin ta biya shi.

Lauyan Zaure:
Maganarka ta ƙarshe tana kan hanya, Alhaji. Dokar da kanta ta tanadi diyya ga mai wuri idan aka ayyana shi, kuma tana ba shi damar ya kai ƙorafinsa kafin a ayyana. Ba ƙwace ba ne.

Baba Mai Ritaya:
Manomi, ban ƙi taka ba, yunwa ba ta da kara. Amma bari in ba ka labarin Surame, ka ji abin da ganuwa ka iya faɗi. Sau biyu nat tahi can ina da ƙarfina. Ka san ita ce babban birnin Kanta, Muhammadu Kanta Kotal, wanda yak kafa daular Kabi wajen 1515, yab balle daga hannun Askiya Muhammadu na Songhai, sunka kawo mashi yaƙi sunka kasa. Abin da zai fara ba ka mamaki in ka isa shi ne ginin ba na ƙasa zalla ba ne irin wanda munka saba gani ƙasar Hausa. Dutsi ne anka jera bisa dutsi, anka cike da laka. Ka yi ta tahiya cikin daji kana bin ganuwa ba ta ƙare ba, ka wuce guda ka sake iske wata ciki. Ga wuraren ƙofofi, ga tushen gidaje, ga rijiyoyi.

Tsofaffinmu na cewa ƙasashen da ka biyan Kanta gandu su sunka yi aikin, kowa da yankin da anka yanka mashi. Suna cewa Asbinawa bisa raƙuma sunka yi jigilar ruwa, Nufawa kuwa da sunka makara anka sa su kwaɓa tasu lakar da man kaɗe. Wanga labarin baka ne, kowa na iya cewa ƙari anka yi. Amma ganuwar tana nan, ita ba ta ƙari. Duk wanda yat tsaya gabanta ya san mutanen da sunka yi ta suna da mulki da tsari da abinci mai yawa, don mai yunwa ba ya jera dutsi haka. Wajen farkon ƙarni na 18 anka bar ta, sarauta ta koma Birnin Kabi, 1805 masu jihadi sunka ci Birnin Kabi, daga baya Kabawa sunka kahu Argungu. Da ace kowane zamani an sai da dutsin Surame lodi-lodi, yau da mi za mu nuna ma jikokinmu? Sai mu ce masu "an ce", su ko su ce mana tatsuniya ce.

Lauyan Zaure:
Baba ya kawo misalin da ya dace, don Surame na cikin wuraren da aka ayyana, tun 1964. A cikin jerin wurare 65 da aka daɗe ana ambata a matsayin wuraren tarihi na ƙasa, ita ce sunan da ya shafe mu kai tsaye. A 2007 kuma Nijeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO, hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓa a matsayin gadon duniya. Zuwa yanzu biyu ƙasar nan ke da su a cikakken jerin: Sukur a Adamawa tun 1999, da kurmin Osun a Osogbo tun 2005.

Saurayin Birni:
To ai ni nan ne abin ke mini ciwo. Surame tamu ce mu Kabawa, amma da aka yanka jihar Kebbi a 1991 sai ta faɗa jihar Sakkwato, wajen Binji. Wato tushenmu na hannun wasu. Ina ma laifin a nemi a dawo mana da ita?

Malama 'Yar Gwandu:
Ƙanena, sassauta. Su wane ne "wasu"? Mutanen da ke zaune kewaye da Surame yau ba daga sama suka faɗo ba, kuma iyakar jiha ba ta kai shekara arba'in ba, birnin kuwa ya haura ɗari biyar. Wurin tarihi na ƙasa na tarayya ne, ko yana Binji ko yana Augie hukuma ɗaya ce ke da alhakinsa. Kada mu tono tsohuwar gaba a kan wurin da ya kamata ya haɗa mu. Ka tuna bikin kamun kifi na Argungu da muke taƙama da shi, wanda UNESCO ta karɓa a 2016, ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, bayan dogon zamani ana zaman doya da manja. Iyayenmu sun rufe wannan babi.

Abin da nake so mu lura da shi daban ne. Ku dubi wuraren da suka tsira a jihar nan, ku tambayi kanku me ya tsare su. Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, kullum da mutane, ana shara, ana gyara. Gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohon gidan sarauta ne da aka bari a 1942, aka buɗe shi gidan tarihi a 1958, ga makamai, ga tambura, ga kaburburan sarakuna a ciki. Ba tsoron tarar naira dubu ya hana a taɓa su ba. Suna da masu su ne, masarauta na kallonsu a matsayin mutuncinta. Kufan su Malam Ɗan Kabi maraya ne, shi ya sa tifa ta samu ƙofa.

Saurayin Birni:
Na karɓa, Yaya. Zafin rai ne.

Almajirin Zaure:
Allah gafarta malamai, ina da tsoro guda kuma ba zan ɓoye ba. Irin waɗannan kufai sau da yawa su ne matattarar tsafi. Wani ya je ya yanka baƙin bunsuru a gindin kuka, wata ta je neman haihuwa. Sannan abin da ake tonowa har da gumaka. Shehu da almajiransa sun sha wuya kafin su raba mutane da wannan. Kada mu zo da sunan tarihi mu raya abin da aka kashe.

Malama 'Yar Gwandu:
Allah gafarta Malam, tsoronka na da tushe, kuma babu wanda ya ce a je a roƙi kuka. Amma ka fi ni sanin cewa Alƙur'ani a wurare da dama ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. In an kwashe kufai an yi bulo da shi, me za a duba? Kuma su kansu malaman jihadi marubuta tarihi ne, ta alƙalaminsu muka san abubuwa da yawa game da Kanta da sarakunan Hausa da suka gabace su. Ga kuma maganar ƙasusuwa. Hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Surame da garuruwan zamaninta Musulunci ya riga ya shige su. Waɗanda ke kwance a ramin nan, wa ya tabbatar maka ba masu salla ba ne? Ko ma ba su ba ne, 'yan Adam ne.

Almajirin Zaure:
A kan ƙasusuwa ba ni da ja ko kaɗan, wajibi ne a suturta su, kuma yau ya fi gobe. A kan gumaka dai ina nan a kan bakana: kada a bar su inda jahili zai mayar da su abin bauta.

Ɗalibar Zariya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ilmin tonon kayan tarihi nake karantawa, bari in sa baki. Malam, abin da ka faɗa shi ne ma aikin gidan tarihi: a ɗauke abu daga inda za a yi masa yanka, a sa shi a gilashi da bayani a ƙasansa. Amma a gaskiya ba masu bauta ne suka fi kwashe mutum-mutumin ƙasar nan ba, dillalai ne. Akwai wasu na gasasshiyar laka da a kasuwannin Turai ake kira na Sakkwato, masu nauyin gira, dangin na Nok da ke kudancin Kaduna da na Katsina. Kusan dukansu ta hanyar tonon sata suka fita, shi ya sa a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A shekarar ce aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a Paris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Ga abin da ya fi ba ni takaici. Ƙauyen da aka tono su bai samu komai ba sai ɗan abin da dillali ya miƙa, mu kuma ɗalibai mun rasa ilmin gaba ɗaya. Domin a wurinmu ba kyan abu ne darajarsa ba, inda aka same shi ne. Ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa take, na ƙasa ya girmi na sama. In na samu tsingaro tare da gawayi a shimfiɗa ɗaya, ana iya auna gawayin a ɗakin bincike a san shekarunsa, daga nan a san lokacin da aka yi tukunyar, a san me suka ci daga ƙwayar hatsin da ta ƙone, a san da wa suka yi ciniki daga tsakiyar da ke wuyan mamaci. Haka aka yi a Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda kayan da aka samu a kaburburan suka nuna hulɗa da ƙasashe masu nisa. Da zarar bakin inji ya juya ƙasar nan, shi ke nan, ko an tsince kayan duka an kawo mini a buhu, sun zama bebaye.

Ɗan Kabi:
Ƙanwata, kin sa jikina ya ƙara sanyi. Na ɗebo tsingaro cike da aljihu jiya, ina ganin ceto na yi.

Ɗalibar Zariya:
Yaya, niyyarka mai kyau ce, kuma waɗanda inji ya riga ya watsar babu laifi. Kada dai ka wanke su, ka sa su a leda ka rubuta ranar da gefen da ka tsince su. Amma abin da ke maƙale a jikin ramin, musamman randar nan, kada a ciro. Ka ɗauki hoto da wani abu a gefe da zai nuna girma, ko da sandar awo ce ta tela. Ka buɗe taswirar wayarka ka adana daidai wurin. Ka zagaya ganuwar da ƙafa kana ɗaukar hoto duk taki hamsin. Sannan ka zauna da tsofaffin garin ka naɗi muryarsu: sunan kufan, sunayen ƙofofi, wa ya sare shi, me ya tashe su. Wannan na ƙarshe ya fi gaggawa, don su ma tafiya suke yi. Kuma don Allah kada a sa hoton randar da sunan garin a Facebook, dillalai na bibiya.

Ɗan Yawuri:
Abin da take faɗa mun gani a ƙasarmu. Kafin a gama madatsar Kainji a 1968, da aka san ruwa zai ci tsibirai da garuruwan bakin Kwara, an turo masu bincike suka yi tonon ceto. A wani tudu kusa da Yelwa sun samu tukwane da ƙananan mutum-mutumi na laka. Gungawa sun tashi, ruwa ya rufe wurare da yawa, amma abin da aka rubuta a lokacin yana nan. Ko ba za a iya hana aiki ba, ana iya cewa a dakata a auna tukuna.

Bazamfare:
Ina ta karanta ku ina hawaye a zuci. Ku gode wa Allah kuna iya zuwa kufanku da la'asar ku dawo. Mu a Zamfara wa zai je? Dutsi inda sarautar Zamfara ta faro, Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, ganuwar Kiyawa a wajen Ƙauran Namoda, tsofaffin mazaunai a kan duwatsun Kwatarkwashi da Kanoma, duk tarihi ne jibge. Da yawan dazukan da irin waɗannan wurare suke, yau manomi ma bai isa ya shiga ba sai da fargaba, balle ɗalibi da igiyar awo. Ga masu haƙar zinariya, su ba ruwansu da ko kabari ne ko ganuwa, inda suka ji ƙanshi nan za su fasa. Kun tuna 2010, gubar dalma a ƙasar Anka da Bukkuyum, yara ɗaruruwa suka rasu. Inda ran yaro bai tsayar da haƙa ba, tsingaro ne zai tsayar?

Wani abu kuma da ba a faɗa: yanzu sababbin kufai ake yi mana. Ƙauyukan da aka tashe su shekarun nan, masallatansu da maƙabartunsu na can ciyawa na ci. Tsofaffin da suka san tarihin garuruwan suna gudun hijira a Gusau da Ƙaura da Anka, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shawarar naɗar murya da ƙanwarmu ta kawo, mu ita ce kaɗai za mu iya yi yanzu, kuma zan fara da kawuna.

Baba Mai Ritaya:
Allah shi kawo maku sauƙi, shi kawo mana gaba ɗaya. Ɗana Bazamfare, ka yi wanga aiki, kada ka jinkirta.

Manomin Fadama:
Amin. Na ji duka, kuma maganar kaburbura ta sa na sauko. Amma har yanzu ba a amsa mani ba. Ayyanawar ga da Lauya ke faɗi, yaushe za ta zo? In mai gona ya bar sai da ƙasa yau, wa zai ba shi abin da ya rasa gobe?

Lauyan Zaure:
Ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba, Alhaji, ayyanawa daga Abuja ba abin kwana kusa ba ne, kuma ba kowane kufai zai samu ba. Shi ya sa nake ganin a kama ta kusa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, ita ke ba da izinin amfani da su bisa al'ada, gwamna kuma ke riƙe da ƙasar jiha amana. Ƙaramar hukuma na iya keɓe wuri don amfanin jama'a ta biya diyya ko ta musanya wa mai shi da wani fili. Kafin wannan ma akwai uban ƙasa. In ya kira mai gona da mai unguwa da liman ya ce nan maƙabartar kakanni ce, ba na jin akwai wanda zai sake kiran tifa. Kuma a lura, ba noman ne matsala ba. Garma ba ta wuce taki ɗaya a ƙasa, an yi ɗaruruwan shekaru ana noma cikin kufai bai ɓace ba. Ya ci gaba da shuka geronsa a ciki, ganuwar da gwalalon kawai za a bari.

Ni zan rubuta takardar sanarwa kyauta, kwafi ɗaya ga hukumar tarayya, ɗaya ga sakataren ƙaramar hukuma, ɗaya ga fadar Mai Martaba Sarkin Kabi ta hannun uban ƙasa. Malam Ɗan Kabi, kwana bakwan nan da doka ta ce, jiya suka fara ƙirguwa a kanka, tunda kai ma ka gani.

Malama 'Yar Gwandu:
Ni kuma ina da shawara kan tambayar Alhaji, don gaskiyarsa ce. Mu nawa ne a zauren nan 'yan ƙasar Argungu da ke aiki a birni? A tambayi mai gonar nawa ya rage a cinikin da ya yi, mu yi karo-karo mu biya shi, a rubuta a gaban uban ƙasa cewa ya bar ganuwar. Ba sadaka ba ce, hakkinsa ne. Ni ba 'yar can ba ce amma a sa sunana a farko.

Manomin Fadama:
To yanzu kun yi magana. In haka ne ni ma a sa ni, buhun shinkafa guda in an yi girbi. Amma a je mashi da mutunci, kada a tara mashi jama'a kamar ɓarawo.

Mai Tifa:
Ni zan yi magana da shugaban tasharmu gobe da safe. Ba ni iya hana kowa neman abincinsa, amma in sun ji akwai kaburbura, na san mutanenmu, mafi yawa ba za su koma ba. Akwai wuraren burji da yawa da ba kufai ba, nisa ne kawai da ɗan ƙarin mai. Malam, ka turo mani kwatancen wurin ta akwatin sirri.

Ɗan Kabi:
Na turo maka yanzu. Jama'a, Allah ya saka da alheri. Mai gonar ɗan'uwan mahaifina ne, abin da ya sa na kasa kama suna ke nan, kuma shi ya sa zan fara zuwa wurinsa ni kaɗai yau da dare kafin kowa ya ji. Gobe bayan asuba zan ɗauki liman mu je mu rufe ƙasusuwan.

Ɗalibar Zariya:
Yaya, ku rufe su a inda suke, kada a ɗauke su zuwa wani wuri, kuma ka ɗauki hoto kafin a zuba ƙasa. Zan nuna wa malaminmu hotunan ranar Litinin.

Baba Mai Ritaya:
Uban ƙasarku na san mahaifinsa, tare munka yi makaranta. Ranar Juma'a in an sauko masallaci ni zan raka ka wurinsa. Ƙafafuna ba su ɗaukar babur yanzu, sai a samo wanda zai zo ya ɗauke ni da mota daga Argungu.

Saurayin Birni:
Baba, ni zan zo. Ƙarfe goma ina ƙofar gidanka in sha Allahu.